Kafin A Sauke Injin Tarakta, A Fara Duba Wuƙar Da Take Ja

Daga ƙarshen Afrilu, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas, mai bin hanyar Kano zuwa Zariya zai ga taraktoci sun fara ketowa ta Kwanar Dangora. Wasu sun nufi ƙauyukan Kiru da Bebeji, wasu sun karya kwana sun ɗauki hanyar Tudun Wada da Doguwa, wadda ta ratsa dajin Falgore ta miƙe Saminaka da Jos. Da yawansu jajayen Massey Ferguson ne da suka ga jiya suka ga yau: fenti ya koɗe, fitila ɗaya ta mutu, wata ma sai an tura take tashi, amma injin yana nan da ransa. Kafin damina ta raba tsakiya, wasu daga cikinsu za su koma gindin bishiya a ɗora su a kan kututture, in ka tambayi dalili kuma amsa ɗaya za ka ji: ta tsufa, ta gaji. A ganina wannan amsa tana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu motocin noma asara a kudancin Kano. Ba kasafai tsufa kaɗai ke kwantar da tarakta ba. Sau da yawa abin da take ja a baya ne ke kwantar da ita, musamman wuƙar da ke yanka, kuma hanyar da ake bi wajen neman ciwon ta fi ciwon kansa ɓarna, domin daga inji mai tsada ake farawa a gangaro, alhali daga bakin wuƙa ya kamata a fara a hauro.

A ɗauki injin sassabe da ake ɗaura wa tarakta a baya, wanda masu aikin ke kira silasha, domin a jikinsa ne lamarin ya fi fitowa fili. Da shi ake share gonar da ta yi shekaru a kwance, sabara da kalgo da gamba sun cinye ta, da shi ake gyara lambunan mangwaro da filayen makarantun kwana. Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Akwai shaf a bayan tarakta wanda aka tsara ya juya sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a kowane daƙiƙa. Shaf ɗin yana shiga wani ɗan giyabos da ke zaune a kan murfin ƙarfe, giyabos ya karkatar da juyin zuwa ƙasa ya kuma ƙara masa gudu, har wuƙaƙe biyu da ke ƙarƙashin murfin su riƙa juyawa kusan sau 800 zuwa 1,000 a minti, gwargwadon ƙirar injin. A silasha mai faɗin mita ɗaya da rabi, wannan yana nufin bakin wuƙar yana tafiya fiye da kilomita 200 a awa. Gudun ne ke yin yankan fiye da kaifin, shi ya sa wuƙaƙen suke da kauri da nauyi, kuma aka ɗaure kowacce da ƙusa guda a gindi don ta iya lanƙwashewa baya in ta haɗu da kututture ko dutse, sannan ta dawo.

To, abin da ke gudu haka ba ya yafe rashin daidaito. A ce wuƙa ɗaya ta daki marmara bakinta ya ɓantare, ko mai wasawa ya ci ɗaya fiye da ɗaya, har bambancin nauyin bakunansu ya kai giram 100. Lissafin da ake koya wa ɗaliban kimiyya a sakandare ya nuna cewa a juyi 800 a minti, a tazarar santimita 75 daga tsakiya, wannan ɗan bambanci yana fizgar shaf ɗin da ƙarfin da ya haura kilo 50. Kamar an ɗaura wa gindin giyabos buhun taki guda ne ana wujijjiga shi sau 13 a kowane daƙiƙa, tun safe har la'asar. Boris ɗin ƙasa ne ke fara shan wahala, ya soma lilo. Da ya yi lilo sai robar da ke tare mai, wato sil, ta buɗe baki, man giya ya tsiyaye a hankali cikin ciyawa inda ba mai gani. Daga nan haƙoran giya su bushe su ɗau zafi, notuna su kwance, murfin ya fara tsagewa ta wajen walda. Jijjigar ba ta tsayawa nan, tana bin shaf ta ci kuros biyu da ke jikinsa, ta shiga bayan tarakta ta taɓa boris da sil na can. Direba yana jin kujera tana karkarwa, sitiyari yana rawa a hannunsa, sai ya sauko ya kira mai mota: "Alhaji, motar nan fa sai an sauke inji." An bar jaki ana dukan taiki.

Binciken da ya dace ba ya cin awa guda, kuma ba ya buƙatar kayan aikin da babu su a kowane gareji. A kashe mota a zare makulli, a jira wuƙaƙe su tsaya cak, a ɗaga injin a tokare shi da kututture mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo da dogaro ga haidirolik na tsohuwar mota. Abu na farko da ido zai nema shi ne abin da ya naɗe a wuyan shaf tsakanin giyabos da wuƙa: waya, igiyar ɗaurin dabba, tsumman buhu, leda. Gonakin da ke kusa da gari cike suke da su, kuma waya ɗaya ta isa ta yanke sil. Sai a kama kowace wuƙa a kaɗa ta da hannu. In ɗaya tana lilo a kan ƙusarta ɗayar ta ƙage saboda tsatsa ko taɓo, an riga an sami jijjigar, domin wadda ta ƙage ba za ta miƙe daidai da 'yar'uwarta ba. In kuma tana ƙwal-ƙwal sama da ƙasa, ramin ƙusar ya cinye ya zama kamar ƙwai, ko ƙusar kanta ta sha. Sannan a juyo bakin wuƙar farko zuwa wani wuri guda, a auna tazararsa da murfi da ɗan kara, a juyo ta biyun wurin a sake aunawa. In bambanci ya fito, ɗaya ta lanƙwashe, ita ce ke barin layin ciyawa a tsaye a bayan mota. A kwance su duka biyu a ɗora a sikelin mai shago. A duba ma ko an ɗaura su daidai, domin yakan faru yaron gareji ya juya wuƙa, bayanta ya riƙa dukan ciyawa, kaifin yana bin baya. Sai bayan duk wannan ake kama shaf ɗin giyabos a girgiza a ji ko boris ya tafi, a buɗe a duba mai, a duba kuros. Tarakta ita ce ta ƙarshe a layi, kuma akwai gwaji mai sauƙi da ke wanke ta: a cire shaf ɗin silasha, a kunna na motar shi kaɗai. In jijjiga ta ɗauke, babu ruwan injin tarakta.

Akwai alamomin da suka fi jijjiga yaudara, domin kamarsu ɗaya da gajiyar inji. Wuƙar da ta dakushe har bakinta ya zama dunƙule ba ta yanka, tumurmusa ciyawa take yi, kuma wannan yana cin ƙarfi. Mota ta riƙa nishi, hayaƙi baƙi ya turnuƙe, ruwan lagireto ya tafasa, musamman da yake ƙaiƙayin ciyawa yana toshe gaban lagireton. Haka in an saki bayan injin ya fi gabansa ƙasa: wuƙa za ta yanki ciyawa ɗaya sau biyu, da gaba da baya, a sha mai a banza. Ƙa'idar ita ce gaba ya ɗan fi baya sauka, kuma da sandar sama da tayar bayan injin ake daidaita wannan cikin minti kaɗan. In gefe ɗaya yana aske ƙasa ɗayan yana barin ciyawa, a duba hannuwan ɗaga kaya da iskar tayoyin baya kafin a zargi komai. Sai kuma wata ɗabi'a da ta yawaita tun 2022 da farashin gas ya ninka: direba ya rage wuta don ya yi tsimin mai. A agogon yawancin motocin nan akwai alamar inda shaf ke kaiwa 540, kuma in aka yi ƙasa da ita sosai wuƙaƙe ba sa miƙewa, suna lanƙwashewa suna dawowa suna dukan ƙusoshinsu, aiki ya yi muni, a sake bin wuri sau biyu. Tsimin da ya dace shi ne a bar wuta a inda aka tsara, a sa giya ƙarama. Wasa wuƙar ma da nata ilimin: ba a mayar da ita aska, ana barin ɗan kauri a bakin don kada ya ɓantare, ana cin duka biyun daidai wa daida, kuma ba a barin dutsen wasa ya ƙona ƙarfen har ya yi shuɗi, domin wurin da ya yi shuɗi ya rasa taurinsa.

Inda aka fi yin garin gyaran gira a rasa ido shi ne wajen ƙusar tsaro. A inda shaf ke haɗuwa da giyabos, masu ƙira sun sa wata ƙusa mai laushi da gangan, aikinta shi ne ta karye in wuƙa ta daki abin da ba zai motsa ba. A ƙasar Doguwa mai duwatsu, da gonakin da aka sare bishiyoyi aka bar kututtura a ɓoye cikin ciyawa, da wuraren da suri ya yi tauri, ƙusar nan takan karye sau da yawa a yini. Direba ya gaji, ya nemi guntun rodi ko ƙusa mai tauri ta injin mota ya zura, wani ma ya sa a walde wurin gaba ɗaya a huta. Daga ranar, duk dukan da wuƙa ta sha zai wuce kai tsaye cikin haƙoran giyabos, in giyabos ya jure ya wuce cikin tarakta, inda gyara ke nufin raba mota biyu. An ceci ƙusar da kuɗinta bai kai na abincin rana ba, an sadaukar da abin da zai iya cinye ribar damina. Injinan da ke da kuloci mai zamewa a maimakon ƙusa su ma ba su tsira ba, domin bayan watannin da suka yi a ajiye faifayen kulocin suna mannewa da tsatsa, sai an sassauta su an bari sun zame kafin a fara aikin shekara. Yawan karyewar ƙusar kansa saƙo ne: ko an sa injin ƙasa da yawa, ko ana sakin kuloci da ƙarfi wuta tana sama, ko kuma ba a taka gonar an kafa alama a kan kututtura ba kafin mota ta shiga.

Walda ita ce wuri na biyu da ake irin wannan ɓarna. Mai walda yana da muhimmanci a wannan sana'a, shi ke ɗinke murfi da ƙafafu da firam, amma wuƙar da ta tsage ba ta cikin abin da ake ɗinkewa. An gasa ƙarfenta an tsoma shi ta hanyar da za ta ba shi tauri ba tare da ya zama mai karyewa ba. Wutar walda tana rusa wannan a gefen ɗinkin, wani wuri ya yi laushi, wani ya yi gautsi, ga ƙarin nauyi a gefe ɗaya. Haka wuƙar da ta lanƙwashe aka sa mata wuta aka buga da guduma ta miƙe. Ido zai ga ta yi kyau, amma ranar da za ta rabu, guntun zai fita da gudun da aka ambata a sama. Duk wanda ya san ƙauye ya san cewa tarakta ba ta aiki ita kaɗai: yara suna biye da ita, mai gona yana tsaye yana nuna iyaka, masu kai abinci suna ratsawa. Sarƙoƙin da ke rataye a bakin murfi don tare duwatsu sukan zube ba a mayar ba, murfin robar da ke rufe shaf yakan fashe a yar, a bar ƙarfe tsirara yana juyi sau 9 a daƙiƙa kusa da mutanen da ke sanye da riguna masu faɗi. A nan maganar ta wuce ta asarar kuɗi.

Ba jahilci ne kawai ke jawo waɗannan abubuwa ba, kuma zalunci ne a ɗora wa direba da bakanike laifin duka. Tsarin biyan kuɗi ne ke tura su. Sau da yawa mai motar yana birni, direba yana samun rabonsa ne gwargwadon ekar da ya yi, ɗan kamasho ya riga ya karɓi kuɗin manoma yana kira a waya. Awa guda da direba zai tsaya ya duba wuƙa daga aljihunsa ta fita, giyabos da zai fashe kuma daga aljihun Alhaji, to wanne zai zaɓa? Bakanike shi ma ba a biyansa kuɗin gano ciwo. In ya duƙa ya duba ya ce waya ce ta naɗe, ya zare ta, za a ce masa "Allah ya saka da alheri, Oga", a ba shi na ruwa. In ya sauke inji ya baje shi a kan buhu, a nan ne ake ganin ya yi aiki, a biya shi da daraja. Muddin mun fi girmama yawan kwance-kwance a kan daidai ganewa, za mu ci gaba da samun kwance-kwance. Mai motar da ya san ciwon kansa zai ajiye wuƙaƙe biyu na canji da ƙusoshin tsaro masu yawa a akwatin mota, ya biya direba ladan rabin awar duba inji kowace safiya, ya kuma biya bakanike kuɗi mai kauri ranar da ya ce masa injin lafiya lau yake.

Wani zai ce silasha ai ba ita ce babban aikin tarakta a wannan yanki ba. Haro da huɗa su ne aikin, kara da harawa kuma abincin dabbobi ne masu kuɗi, ba mai sa inji ya niƙe su. Wannan gaskiya ne, amma darasin bai tsaya kan silasha ba. Faifan haro da ya cinye ya ƙanƙance ba ya nutsewa, sai a ɗora masa duwatsu ko buhunan ƙasa, a bi gona sau biyu, a ce mota ba ta da ƙarfi, boris ɗin faifan da ba a ba shi giris ba kuma ya ƙage ya riƙa jan ƙasa. Injinan girbin shinkafa da ke shiga fadamun Tudun Wada da filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa suna da jerin ƙananan wuƙaƙe da ke kai da kawo tsakanin haƙora. In sun dakushe ko tazararsu ta buɗe, girgiza shinkafa suke yi kafin su yanka, ƙwaya ta zube ƙasa, manomi ya yi asarar da ba ta bayyana sai wajen ƙirga buhu. Ƙananan motocin yankan ciyawa na otal-otal da manyan makarantu, waɗanda bel ke juya wuƙaƙensu, su ma haka: bel ya saki ko fuli ya cinye, ko ciyawa ta daskare a cikin murfi, sai a ce kafireto ne.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa a daina wahala da tsofaffin ƙarafa, a kawo sababbi. Babu mai musun cewa Najeriya tana buƙatar ƙarin taraktoci masu yawa, kuma taraktoci 2,000 daga Belarus da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Yunin 2025 abin maraba ne. Sai dai mun taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1970, zamanin da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka kafa hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, har harhaɗa tarakta ake shirin yi a gida, aka kuma yi: Steyr a Bauchi, Fiat a kamfanin NTM da ke kan wannan titin Zariya a Kano. Gwamnatocin jihohi sun buɗe sassan ba da hayar tarakta, an yi ta rabo bayan rabo. Harabobin ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a faɗin Arewa sun zama shaida kan inda da yawa daga cikin motocin suka ƙare, wasu ba su yi shekarun da za a kira su tsofaffi ba. Sabuwar mota da aka ɗaura wa wuƙa marar daidaito aka zura mata rodi za ta mutu kamar tsohuwa, kuɗin gyaranta ne kawai zai fi yawa. Wani bincike da cibiyar IFPRI ta yi a jihohin Kaduna da Nasarawa, wanda ya fito a 2014, ya gano cewa waɗanda suka sayi tarakta a kasuwa, galibi gwanjo, sun fi cin moriyarta a kan waɗanda suka samu ta hannun gwamnati. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sun zaɓi abin da suka sani, wanda akwai kayan gyaransa da masu gyaransa. Massey Ferguson 135 da 165 an ƙera su ne tsakanin 1964 da 1975, masana'antar Coventry a Ingila da ta yi suna da su ta daina aiki a 2002, amma injin Perkins da ke cikinsu kowane bakanike ya san shi, kuma kamfanin Millat a Pakistan ya ci gaba da ƙera samfura irin su 240 da 375 da 385, abin da ya sa kayan gyara ba su yanke ba. Motar da ke da irin wannan gata ba ta cancanci a yar da ita saboda ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin murfi ba.

Sai masu cewa wuƙar asali ta yi tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023, a kasuwa ma jabu ta fi yawa, don haka dole a koma wa maƙeri ya yanko daga sifirin ɗin babbar mota. Ni ban ga aibin wannan ba, hasali ma nan ne mafita take. Ƙarfen sifirin ƙarfe ne mai kyau, kuma maƙeran da suka gaji ƙera garmar shanu da gatari sun san wuta fiye da yadda ake zato. Abubuwa uku ne ke ɓata aikin: a yi wuƙa ɗaya maimakon biyu tare, a huda ramin ƙusa da wutar walda ya fito a karkace da gefe mai gautsi, sannan a tsoma ƙarfe a ruwa ya yi tauri fiye da kima ba a sake ɗumama shi ya saki ba. Duka ukun ana gyara su da sikeli, da injin huda, da horo na 'yan kwanaki, da kuma ƙin karɓar sifirin da ya riga ya tsage. Muna da wuraren da wannan ilimi yake: cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana da sashen injiniyoyin noma, cibiyar NCAM a Ilorin aikinta ke nan gwada kayan noma da tsara musu ma'auni. Abin da ya rage shi ne ma'aunin ya baro takarda ya iso maƙera, a san kauri da tsawo da nauyin da wuƙar kowane irin inji za ta kasance, a riƙa sayar da su biyu-biyu a ɗaure.

Game da ƙarancin lokaci kuwa, gaskiya ne cewa kwanakin shuka ƙidayayyu ne, kuma manomin masara a Doguwa da ya rasa makon farko na ruwa ya san abin da ya rasa. Amma wannan hujja ce ta yin gyara da rani. Daga Janairu zuwa Maris yawancin injinan nan a ajiye suke, rana da ƙura suna dukansu. A lokacin ne ake kwance wuƙaƙe, a canza man giya, a sa giris a kuros, a sassauta kuloci.

Saboda haka abin da nake nema daga hukumar raya noma ta jihar Kano, KNARDA, da ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ƙarami ne in aka gwada shi da kuɗin tarakta ɗaya sabuwa. Kwanar Dangora mahaɗa ce, tana tsakanin Kano da Zariya, kuma da yawa daga motocin da za su shiga kudu ta nan suke bi. A yau direban da ƙusa ko sil ya tsayar a Riruwai yana iya kashe yini guda a hanyar zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da dawowa. A shirya horo na mako ɗaya ko biyu a kowane rani a nan mahaɗar, a tara direbobi da kanikawa da masu walda da maƙera wuri ɗaya, a koyar da Hausa, a kan injinan da suke aiki da su, malaman kuma su haɗa da tsofaffin kanikawan da suka yi shekaru a kan Massey da Fiat. Ƙungiyoyin masu tarakta su tsaya wa 'yan kasuwa biyu ko uku su ajiye ƙusoshin tsaro na gaskiya, da sil, da boris, da man giya mai lamba 90, da wuƙaƙe masu nauyi ɗaya. Duk kwangilar sayen tarakta da jiha ko ƙaramar hukuma za ta sa wa hannu daga yanzu, a rubuta a cikinta cewa kowane injin da za a ɗaura a baya zai zo da wuƙaƙe ko faifayen canji na shekara biyu da littafin aiki da aka fassara da Hausa, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an ƙirga waɗannan kaya a gaban direbobin da za su yi aiki da motocin.